Gogayya: mai cin igiya, mai riƙe ƙafa

MU KARANTA

Wata rana da hantsi, a wani ƙauye na ƙasar Buza, wani yaro ya raka kakansa rijiya don su shayar da bisashe. Rijiyar tana da zurfi. An gicciya manyan itatuwa a bakinta, inda masu ɗiba ke taka ƙafa su jawo guga. Yaron ya duƙa, ya shafa icce ɗaya, sai ya ji kwaruruka jere, wasu har yatsansa na nutsewa ciki.

Ya ce: «Kaka, wane masassaƙi ne ya yi wannan aiki?»

Tsoho ya yi dariya, ya ce: «Kai aboki, babu masassaƙi a nan. Igiya ce.»

Yaro ya ce: «Igiyar kaba ta ci icce mai tauri haka?»

Tsoho ya ce: «Ba ka ji an ce yau da gobe ta sa allura ginin rijiya ba? Igiya na cin icce, icce na cin igiya. Tun ina kamarka iccen nan yake nan. Amma igiyoyin da na tufka suka tsinke a kansa, ban san iyakarsu ba. Dubi hannuna kuma.»

Ya buɗe tafinsa, duk kanta. Yaro ya karɓi igiya don ya gwada. Guga ya cika, ya fi ƙarfinsa, igiya ta zame masa cikin hannu. Ya sake ta da sauri, yana hura tafi, yana cewa: «Wayyo, ta ƙone ni!»

Tsoho ya ce: «To, abin da ya ci icce shi ya ƙone ka. Kuma shi ne ya hana ƙafarka zamewa ka faɗa rijiya. Ka gode masa, ka kuma ji tsoronsa.»

MENE NE GOGAYYA?

Yara, abin da tsohon nan yake nufi shi ake kira gogayya. Duk sa'ad da abubuwa biyu suka taɓa juna, ɗaya yana zamewa bisa ɗaya ko yana neman ya zame, akwai wani ƙarfi da ke tasowa tsakaninsu ya ƙi wannan zamewa. Wannan ƙarfi shi ne gogayya. In kun tura benci gabas, gogayya tana riƙe ƙafafunsa ta yamma. In kun ja shi yamma, sai ta koma gabas. Kullum tana saɓa wa zamewa.

Daga ina take fitowa? Ku shafa tebur, za ku ji shi sumul. Amma da za a duba shi da madubin ƙara girman abu, da an ga tuddai da kwaruruka kamar ƙasar Adar. Haka ƙafar benci take, haka tafin hannu yake. In an ɗora abu bisa abu, ƙananan tuddan nan ne kawai ke haɗuwa. Wasu su sarƙe da juna, wasu su manne. Kafin abu ya zame, sai an ɓanɓare su ko an karya su. Shi ya sa ja yake da wuya, shi ya sa kuma abu ke cinyewa, wuri ya yi zafi.

Ana auna gogayya kamar yadda ake auna kowane ƙarfi, da niyuton. Ku tuna, ƙasa tana jan abu mai kilo 1 da ƙarfin da ya kusa niyuton 10.

MU GWADA

Kayan aiki: guntun katako mai siffar tubali, an kafa masa ƙusa a goshi, siririyar roba da aka yanko daga tsohuwar robar cikin tayar keke, ma'aunin santimita, ƴar tabarma, jakunkuna biyu na rairayi, fensir masu kewaye guda shida, ko karan hatsi madaidaita. A ɗaure robar a ƙusa. In roba ta miƙe da yawa, ƙarfin ja yana da yawa ke nan. Kowane rukuni ya rubuta abin da ya auna cikin littafi.

Gwaji na 1. Ku aza katako bisa tebur, ku ɗora masa jakar rairayi guda. Ku ja roba sannu sannu. Da farko roba na miƙewa, katako bai motsa ba. Can sai ya zabura ya taso, roba ta ɗan koma. Ku auna tsawonta dab da tashi, ku kuma auna shi sa'ad da katako ke tafiya a hankali. Na farko ya fi. Ashe gogayya iri biyu ce a nan: gogayyar tsaye, wadda ke hana abu tashi, da gogayyar zamewa, wadda ke rage masa gudu in ya riga ya tashi. Galibi ta tsaye ta fi ta zamewa ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tura akwati mai nauyi ya san tayar da shi ya fi tafiyar da shi wuya.

Gwaji na 2. Ku ja katakon bisa tebur, sa'an nan bisa tabarma, sa'an nan bisa ƙasa, sa'an nan bisa allon da aka shafa wa ruwan sabulu. A ina roba ta fi miƙewa? A ina ta miƙe kaɗan? Za ku ga gogayya tana bin irin fuskokin da suka haɗu. Kaushi na ƙara ta, santsi na rage ta.

Gwaji na 3. Ku koma bisa tebur, ku ƙara jakar rairayi ta biyu. Roba ta miƙe ƙwarai. In nauyin da ke danna abu ya ninka, gogayya ma ninkawa take yi.

Gwaji na 4. Ku sauke jakunkuna. Ku ja katako kwance bisa faffaɗar fuskarsa, ku auna. Ku juya shi bisa siririn gefensa, ku sake ja, ku auna. Kafin ku yi, kowa ya faɗi abin da yake tsammani. Yawancinku za su ce faffaɗar fuska ta fi riƙewa. To, awo zai nuna muku kusan daidai suke. Dalili kuwa, in fuska tana da faɗi, nauyi ya rarrabu, kowane wuri an danna shi kaɗan. In siririya ce, nauyi ya taru, an danna ta sosai. Abin da aka samu nan, an rasa shi can.

Gwaji na 5. Ku jera fensir bisa tebur, ku aza katako da jakunkuna biyu a kansu, ku ja. Roba ko miƙewar kirki ba ta yi ba, kaya sun tafi. Mirginawa ta fi zamewa sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan shi ne asirin ƙafar amalanke.

ƘA'IDAR GOGAYYA

Abin da kuka gano da roba da katako, masana sun daɗe suna bincikensa. Leonardo da Vinci, mutumin Italiya, ya rubuta shi cikin takardunsa tun 1493, amma bai buga su ba. Guillaume Amontons, mutumin Faransa, ya sake gano shi a 1699. Charles Coulomb, shi ma Bafaranshe, ya yi gwaje-gwaje masu yawa da katako da ƙarfe da igiya, ya gabatar da su a 1781. Ga ƙa'idar a taƙaice:

gogayya = adadin gogayya × ƙarfin da ke danna fuskokin biyu

Adadin gogayya lamba ce da ke nuna yadda fuskoki biyu ke kama juna. Tayar mota bisa busasshiyar kwalta, adadinta ya kai wajen 0,7. Ƙarfe bisa ƙarfe da aka zuba wa mai, bai fi wajen 0,1 ba. In abu yana bisa shimfiɗaɗɗen wuri, ƙarfin da ke danna shi nauyinsa ne.

Misali: manomi a fadamar Tarka yana da buhun albasa mai kilo 100. Nauyinsa niyuton 1000 ke nan. Mu ɗauka adadin gogayya tsakanin buhu da ƙasa 0,5 ne. In zai ja shi a ƙasa, sai ya sa ƙarfin 0,5 × 1000, wato niyuton 500, kamar wanda ya ɗaga kilo 50. Buhu zai yage, albasa ta ƙuje. In ya aza shi bisa amalanke mai taya a hanya mai tauri, ɗan ƙaramin kashi na wannan ƙarfi ya isa. Don haka jaki guda ke jan buhuna da yawa zuwa kasuwar Madawa, alhali ko biyu ba zai iya ɗauka a baya ba.

INDA MUKE SON TA

Ku yi tunanin ranar da za a wayi gari babu gogayya. Ba wanda zai iya tafiya, don ƙafa tana tura ƙasa baya ne, gogayya ta riƙe ta, jiki ya yi gaba. Kun san yadda laka ke kayar da mutum da damina. Ƙulli ba zai zauna ba, zane da rawani su warware. Ƙusa ta fita daga katako, ƙotar fartanya ta sulluɓe daga hannu. Tabarmin Madawa da aka sani ko'ina, gogayya ce ke riƙe kabarsu, kowane zare ya danne ɗan'uwansa. Alli ma ba zai yi rubutu a allo ba.

Mutanenmu sun san hanyar ƙara gogayya tun kafin a buɗe makarantar boko. In dutsen niƙa ya daɗe yana aiki, yakan yi sulɓi, hatsi ya riƙa zamewa ba ya niƙuwa. Sai mace ta ɗauki makoɗi ta koɗa shi, ya yi kaushi, ya koma cin hatsi. Ɗan kokawa yakan shafa ƙasa a hannu kafin ya kama abokin karawarsa. Mai sare icce yakan tofa yawu kaɗan a tafi don ƙota ta zauna. Maƙeri yana gyara ƙarfe da magagari, mahauci yana wasa wuƙa bisa dutse. Zafin da gogayya ke haifarwa ma yana da amfani: da shi ashana ke kamawa, da shi ƙyastu da ƙanƙara ke fid da tartsatsi. Da sanyin hunturu kuma kowa na murza hannuwa.

Ga wata dabara ta makiyaya. Sa mai ƙarfi yana fizga, yaro ba zai iya riƙe shi da hannu ba. Amma in ya naɗa igiya a gindin icce, sai ya riƙe shi ba wahala. Kowane naɗi yana raba ƙarfin sa, ba ragewa kawai yake yi ba. Mu ɗauka naɗi guda yana raba shi gida 5. In sa yana ja da niyuton 1000, bayan naɗi ɗaya saura 200, bayan na biyu saura 40, bayan na uku saura 8. Ƙarfin da bai kai na ɗaga kilo guda ba ke nan. Amma ku kiyaye: a icce ake naɗa igiya. Kada ku taɓa naɗa igiyar guga ko ta dabba a hannu ko a wuyan hannu. Yadda ta kama icce, haka za ta kama ku, ta ja ku.

INDA BA MU SON TA

Gogayya tana cin kaya, tana cin ƙarfi. Ita ke cinye igiya da takalmi da taya da bakin garma. In amalanke na kuka, gogayya ce tsakanin ƙafa da sandar ƙarfen da take juyawa a kai. Jaki na wahala a banza, ƙarfe na cinyewa. Maganinta iri uku ne.

Na ɗaya, a zuba mai ko giris. Mai yana shiga tsakanin fuskoki biyu ya raba su, ƙananan tuddan nan su daina haɗuwa. Injin ban ruwa na lambun albasa, in aka bar shi ba mai, ƙarafansa su yi zafi, su kumbura, su cije, inji ya lalace. Kuɗin lita ɗaya na mai bai kai kuɗin inji ba. A duba mai kafin a tayar.

Na biyu, a mai da zamewa ta zama mirginawa. Cikin ƙafar keke akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ake kira boris. Aikinsu ɗaya da na fensir a gwaji na 5. Haka nan a rijiya, in aka rataya puli, wato gungumen icce ko ƙarfe mai kwari a tsakiya wanda ke juyawa bisa sanda, igiya ba ta ƙara gugar bakin rijiya. Ja ya yi sauƙi, igiya ta daɗe.

Na uku, a hana ƙura shiga. Rairayi cikin giris kamar magagari yake. Sarƙar keke da ta sha ƙurar hunturu, a wanke ta tukuna kafin a zuba mata sabon mai.

A BAKIN HANYA

Babbar hanya ta 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Ƙwanni ta nufi Maraɗi da Damagaram, ta ratsa Madawa. Motoci na wucewa dare da rana. Yara da yawa na ƙetare ta zuwa makaranta ko kasuwa. To, mene ne ke tsayar da mota? Direba ya taka birki, birki ya goga ƙarfen ƙafa, taya kuma ta kama kwalta. Gogayya ce duka. Kuma gogayya tana da iyaka, ba ta tsayar da mota nan take.

Mu ɗauki ƙaramar mota mai birki mai kyau bisa busasshiyar kwalta. In tana gudun kilomita 40 a awa, daga taka birki zuwa tsayawa za ta ci kamar mita 9. In tana gudun 80, kuna tsammani mita 18 ne? A'a, kamar mita 36 ne. In gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. Ban da wannan, kafin direba ya gan ku ya kai ƙafa bisa birki, daƙiƙa guda ta wuce, mota mai gudun 80 ta ci mita 22. In an yi ruwa, ko rairayi ya hau kwalta, ko zanen taya ya cinye, adadin gogayya ya faɗi, nisa ya ƙaru ƙwarai. Babbar mota mai lodin albasa kuwa ta fi ƙarama wuyar tsayawa.

Ku fita fili ku auna mita 58 da igiya, ku kafa alama nan da can. Ku dubi nisan da kyau. In mota mai gudu ta fi haka kusa da ku, ko direba ya gan ku ba zai iya tsayawa ba. Ku jira ta wuce. Ku gaya wa ƙannenku.

A gangaren duwatsun Buza da Keita kuma, direban da ya san aiki yakan sa mota a giya ta ɗaya ko ta biyu, inji ya taya shi riƙe ta. In ya dogara da birki kaɗai, birki ya yi zafi ya daina kamawa.

RUWA DA ISKA MA SUNA GOGAYYA

Ba busassun abubuwa kaɗai ke gogayya ba. Ruwa mai gudu yana gugar ƙasar da yake bi, iska ma haka. Ku zuba ruwa bisa karkataccen allo, sa'an nan ku shimfiɗa masa tabarma ku sake zubawa. A ina ya fi gudu?

Ƙasar Adar tuddai ce da kwaruruka. In tudu yana da ciyawa da itatuwa da duwatsu, ruwan sama na cin karo da su, yana gugarsu, gudunsa ya ragu, ya sami lokacin shiga ƙasa. In tudu ya zama faƙo, babu abin da ke riƙe ruwa. Sai ya kwararo da ƙarfi, ya kwashe ƙasa mai kyau, ya haƙa kwazazzabai, ya binne gonakin fadama da rairayi. Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasarmu ta ga wannan ƙwarai.

A 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO da hukumar abinci ta duniya. Mutanen ƙauyuka, yawancinsu mata, suka ɗebo duwatsu a ka. Aka jera su a gicciye bisa tuddai, aka haƙa ramuka a jikin duwatsu, aka gina madatsai cikin ƙoramu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Kowane jerin dutse yana tare ruwa, ya tilasta masa bi ta ƙananan kafofi yana gugar dutse, har ƙarfinsa ya karye, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Wurare da dama da suka zama faƙo sun koma ba da hatsi da ciyawa.

A kwarin Magiya, cikin ƙasar Buza, iska ce ke kwashe ƙasa tana bugun ƙananan shuke-shuke. Tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoma suka shiga dasa dogon yaro layi bibbiyu, tsakanin jeri da jeri kamar mita 100. Iska in ta ratsa ganye da rassa, gudunta na raguwa, gonar da ke bayan jeri ta huta. Mai koɗa dutsen niƙa da mai jera dutse a gona dabararsu ɗaya: sun ga wuri ya yi santsi, sun mayar masa da kaushi.

ABIN RIƘEWA

Gogayya ƙarfi ne da ke ƙin zamewar abu bisa abu. Tana bin irin fuskokin da suka haɗu da ƙarfin da ke danna su. Faɗin fuska bai cika canza ta ba. Ta tsaye ta fi ta zamewa, ta zamewa ta fi ta mirginawa. Tana haifar da zafi, tana cinye kaya. Ana ƙara ta da kaushi da dannawa da naɗi. Ana rage ta da mai da mirginawa da tsabta. Mai hankali yakan duba aikinsa ya tambayi kansa: a nan ƙara ta zan yi, ko rage ta?

KALMOMI CIKIN HARSUNA BIYU

gogayya: le frottement
ƙarfi: la force
nauyi: le poids
zamewa: le glissement
mirginawa: le roulement
kaushi: la rugosité
birki: le frein
zaizayar ƙasa: l'érosion

TAMBAYOYI

1. Me ya haƙa kwaruruka a iccen bakin rijiya? Me ya ƙone tafin yaron?
2. Don me ake koɗa dutsen niƙa, amma ake zuba wa ƙafar amalanke giris?
3. Akwati mai kilo 40 yana bisa daɓen siminti. Adadin gogayya 0,4 ne. Niyuton nawa ake bukata don a ja shi? In aka ƙara masa kaya ya kai kilo 80 fa?
4. Naɗi guda yana raba ƙarfin igiya gida 4. Raƙumi yana ja da niyuton 1600. Nawa ya rage bayan naɗi uku?
5. Mota tana tsayawa cikin mita 9 in tana gudun kilomita 40 a awa. Mita nawa za ta ci in tana gudun 120?
6. Yaya jerin duwatsu ke taimakon gonar tudu?

AIKIN GIDA

Ku zaga gida da gona da bakin rijiya. Ku rubuta wurare biyar inda gogayya ke taimako, da wurare biyar inda take ɓarna. Ku tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa ta unguwarku yadda gonakin tudu suke kafin a jera musu duwatsu, da yadda suke bayan an jera. Ku kawo amsar aji, mu karanta tare.